Uwar Faifai Tana Hannun Wa? Tarihin Ɗaukar Waƙa a Ƙasar Kabi



Gabatarwa

Abin da zan yi magana a kansa yau shi ne yadda waƙar makaɗan ƙasar Kabi, watau Argungu da Birnin Kebbi da garuruwan da ke bakin gulbin Rima, ta fita daga bakin masu ita ta shiga cikin na'ura, da kuma irin sauyin da kowace na'ura ta kawo wa waƙar da ƙungiyar da ke yin ta. Duk waƙar da aka ɗauka tana da abin da zan kira uwa, watau ɗauka ta asali wadda aka tace, wadda daga gare ta ake buga sauran faya-fayai ko kaset. Wanda ke riƙe da uwar, shi ke da ikon bugawa da sayarwa, shi ne kuma zai adana waƙar ko ya bar ta ta lalace. Zan yi ƙoƙari in nuna cewa ƙasar Kabi ta daɗe tana haifar waƙa, amma uwar waƙar kusan kullum a wani gari take kwana.

Kafin zuwan na'ura

Kanta ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16, ya gina Surame. Birnin Kebbi ya faɗa hannun masu jihadi a 1805, daga baya sarautar Kabawa ta zauna a Argungu, ta Gwandu kuwa ta koma Birnin Kebbi a zamanin Turawa. A duk tsawon wannan lokaci an buga tambura a ƙofar fada, an yi kiɗan noma da na su da na dambe da na kokawa. To, amma ku duba wani abu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara waƙoƙinsa na Larabci a cikin littafin Tazyinul Waraƙati a 1813, ga su nan har yau ana karanta su harafi da harafi, saboda tawada ta riƙe su. Makaɗan da suka yi wa Kanta kiɗa kuwa, abin da ya iso gare mu daga zamaninsu shi ne kirari da take, waɗanda aka yi ta miƙawa daga baki zuwa baki. Muryarsu da salon hannunsu a kan fata sun tafi tare da su.

Ya kamata mu san yadda ƙungiyar makaɗi take, domin ita ce na'ura ta zo ta tarar. Akwai jagora, shi ne mai ƙungiya, shi ke ƙirƙirar waƙa. Akwai 'yan amshi, waɗanda a ƙungiyoyin makaɗan fada galibi su ne kuma ke riƙe da kayan kiɗa, ko kotso ko taushi. Akwai sanƙira, mai shiga tsakanin makaɗi da jama'a, yana zuga, yana faɗin kyautar da aka yi. Waƙa takan fara da gindi, wanda ake komawa gare shi bayan kowane ɗa. Makaɗan fada sukan zauna da yaransu a gida su yi ta bitar sabuwar waƙa har ta zauna, kowa ya san inda zai karɓa da inda zai yi ƙari, kafin a kai ta gaban sarki. Duk da wannan shiri, waƙar ba ta da ranar gamawa. Idan an rera ta ranar Salla, aka sake rera ta ranar naɗin wani hakimi, za a ji an ƙara ɗiya, an zubar da wasu, an sa sunan wanda ya yi kyauta, an yi wa wanda ya ɓata wa ubangida rai habaici. Uwar waƙa a wancan zamani tana cikin kan jagora da yaransa, gādo ne kuma kaɗai hanyar adana ta.

Misali mafi kusa da mu shi ne gidan Ɗandawo. Aliyu Ɗandawo mutumin Shuni ne, makaɗin taushi, ya zauna a Argungu yana yi wa Sarkin Kabi waƙa, daga baya ya koma Yawuri, ya rasu a 1966. Ɗansa Sani Aliyu Ɗandawo ya gaje shi, ya riƙe ƙungiya, ya yi wa sarakuna da masu mulki waƙa shekaru masu yawa. A tsakanin uba da ɗa ne na'ura ta kankama a ƙasar nan, shi ya sa abin da ke hannun jama'a na muryar ɗan ya fi na uban yawa nesa ba kusa ba.

Zamanin garmaho

Thomas Edison ya ƙago na'urar ɗaukar murya a Amurka a 1877, Emile Berliner kuma ya fito da garmaho mai amfani da faifai shekaru goma bayan haka. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki waƙoƙi cikin harsunan Afirka ta Yamma a Landan, har da Hausa, ya aiko da faya-fayan a sayar a nan. Daga baya kamfanonin HMV da Decca da Philips suka shiga kasuwar sosai, Legas ta zama cibiyarsu. A Kano ma, wani ɗan kasuwa mai suna Tabansi ya fara harkar faya-fayai a farkon shekarun 1950, kamfaninsa ya zo ya zama ɗaya daga cikin manyan na 'yan ƙasa.

Yadda ake aikin kuwa shi ne, makaɗa su tsaya gaban makirfo guda ɗaya, allura tana zana sautin a kan wani faifai mai laushi. Ba a tsayawa, ba a gyara. In an yi kuskure sai a jefar da faifan a sake daga fari. Daidaita sauti da ƙafa ake yin sa, watau a matso da jagora kusa, a ja masu ganga baya don kada su danne murya. Daga nan sai a aika da abin da aka zana Ingila, a masana'anta irin ta Hayes kusa da Landan, a yi masa zubi na ƙarfe, da wannan ƙarfen ake danna dubban faya-fayai. Ƙarfen nan shi ne uwa, can kuma yake zama.

Faifan garmaho yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kowane gefe nasa bai ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku. Ku auna wannan da waƙar fada, wadda makaɗi zai iya kai rabin sa'a yana jan ta. Dole ya zaɓi ɗiya biyu ko uku ya bar saura, ko kuma a raba waƙar gida biyu, mai saurare ya tashi ya juya faifai. Daga baya an sami faifai mai dogon zango, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, mai ɗaukar kusan minti ashirin a kowane gefe, shi ne ya sassauta wa makaɗa wannan ƙunci. Amma darasin ya riga ya zauna: a karo na farko waƙar Hausa ta sami farko da ƙarshe waɗanda ba makaɗi ne ya yanka su ba.

Ga makaɗin Argungu ko na Birnin Kebbi, wannan harka tana nesa. Mai son ya shiga faifai sai ya yi tafiya, ko kuwa ya dace da zuwan masu ɗauka. Bugu da ƙari, makaɗin fada bai ɗauki faifai hanyar abinci ba. Abincinsa yana wurin ubangida: doki, da riga, da hatsi, wani lokaci har da gona ko gida. Abin da kamfani zai ba shi sau ɗaya ya sallame shi bai kai ya tsaya ciniki a kansa ba, balle ya tambayi inda za a ajiye uwar.

Rediyo

Abin da ya kai muryar makaɗan wannan yanki kunnen Arewa duka shi ne rediyo. An kafa Hukumar Watsa Labarai ta Nijeriya a 1957, a shekarar ce kuma BBC ta buɗe sashen Hausa. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila. A wannan lokaci na'urar tef mai manyan ƙafafu biyu ta riga ta yaɗu. Tef ya fi faifai sauƙin sha'ani: yana ɗaukar waƙa mai tsawo, ana iya ɗaukarsa a mota a kai shi ƙofar fada ko filin dambe, in an yi kuskure kuma sai a yanke wurin da reza a liƙe.

Da yawa daga abin da muke ji yau na manyan makaɗan tsohon Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Argungu da Yawuri ke cikinsa, ta wannan hanya ya tsira. Ibrahim Narambaɗa na Isa ya rasu tun farkon shekarun 1960, Salihu Jankiɗi ya rasu a 1973, Muhammadu Bawa Ɗan'anace a 1986, Musa Ɗanƙwairo a 1991. Ɗalibin da aka haifa bayan mutuwarsu duka yana iya rera gindin waƙoƙinsu, domin ma'aikatan rediyo sun ɗauka, sun yi ta sakawa a shirye-shiryen zaɓe da gaishe-gaishe. Wannan aiki ne da ya cancanci yabo, ma'aikatan gwamnati ne kuma suka yi shi, ba 'yan kasuwa ba.

Sai dai rediyo ma ta zo da nata sharaɗi. Abin da aka rera a ɗakin ɗaukar murya babu sarki a zaune, babu taron jama'a, babu mai miƙo kyauta, saboda haka aikin sanƙira ya ragu, zambo mai zafi kuma yakan faɗi a ƙarƙashin reza. Har ila yau, rera guda ɗaya, wadda aka yi wata rana a gaban makirfo, ita ce jama'a suka haddace suka ɗauka ita ce waƙar, har ya zama in makaɗi ya sauya wani ɗa a wurin biki sai a ga kamar ya yi kuskure. Uwar kuma ta tashi daga Landan ta dawo Kaduna. Da aka ƙirƙiro Jihar Arewa maso Yamma a 1967, da Jihar Sakkwato a 1976, wani kaso ya koma Sakkwato, inda Rediyo Rima take. Sai a ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, Birnin Kebbi ya zama hedikwata. Ma'anar wannan ita ce, kusan duk abin da aka ɗauka na ƙasar Kabi a shekaru talatin na ganiyar rediyo, an ɗauke shi ne a lokacin da ɗakunan ajiyar suke wasu garuruwa.

Masana ma sun yi nasu. David Ames ya ɗauki kiɗan Hausa a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, shi da Anthony King suka wallafa ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Ɗandatti Abdulƙadir ya yi digirinsa na uku a kan Mamman Shata a 1975, Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara tarihin makaɗa masu yawa, ya rubuta waƙoƙinsu a takarda. Amma rubutu yana riƙe kalma ne kawai, amon kotso sai tef.

Kaset

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, ya cika kasuwannin Arewa a shekarun 1970, lokacin da kuɗin man fetur ya shigo hannun jama'a, rikoda mai batir ta zama abin da ma'aikaci ko alhaji ke dawowa da shi gida. Wannan ƙaramin abu ya yi abin da garmaho da rediyo ba su yi ba: ya sa kowa ya zama mai ɗauka. Mai biki ya ajiye rikoda gaban makaɗa, direba ya sa a mota, mai shago a kasuwar Jega ko ta Kamba ya haɗa rikoda biyu ya yi ta kwafa. Kaset ɗaya yana ɗaukar sa'a guda ko sa'a da rabi, saboda haka waƙa ta dawo da tsawonta, hayaniyar fili da muryar sanƙira suka dawo cikinta.

Kaset ya buɗe ƙofa ga makaɗan da ba su da fada, da waɗanda waƙarsu ba ta dace da gidan rediyon gwamnati ba. Illon Kalgo, makaɗin maza, yana cikin waɗanda sunansu ya wuce garinsu. Muhammadu Gambu na Fagada, wanda aka fi sani da waƙar ɓarayi, misali ne bayyananne: ko mutum ya so waƙarsa ko ya ƙi ta, ta zagaya ƙasar Hausa daga hannu zuwa hannu, ba tare da wani babban kamfani ya tsaya mata ba.

To, amma a zamanin kaset uwa ta ɓace. Ana kwafar kaset daga kaset, kowane kwafi yana ƙara shuu yana rage kaifin murya, har a kai inda ba a san wanda ya fara ɗauka ba, ko ranar, ko garin. Makaɗi ya sami suna, sunan ya jawo masa gayyata, amma daga cinikin kaset ɗin kansa da wuya ya ga kwabo. Manyan kamfanonin ma abin ya ci su. Satar bugu ta haɗu da faɗuwar darajar naira bayan 1986, sai masu su na ƙasashen waje suka janye. Decca ta riga ta zama Afrodisia, EMI ta koma Ivory Music, PolyGram ta koma Premier. Gwamnati ta fito da dokar haƙƙin mallaka a 1988, amma doka ba ta iya bin kaset rumfa rumfa.

A nan ya kamata in ambaci ƙungiyoyin kiɗan zamani masu jita da ƙaho. A Arewa sun fi ƙarfi a Kaduna da Kano da Jos, inda akwai otal-otal da kulob-kulob masu biyan su. Bala Miller da ƙungiyarsa sun yi waƙoƙin Hausa da irin waɗannan kayan kiɗa a shekarun 1970 da 1980. A Argungu da Birnin Kebbi kuwa, dandalin ƙungiya shi ne fada, da gidan biki, da filin wasa, da bikin kamun kifi. Wannan biki, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, a zamanin Sarkin Kabi Muhammadu Sama, ya zama babban fagen da makaɗa ke haɗuwa, har da masu kiɗa a cikin kwalekwale a Matan Fada ranar su. Hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada a 2016.

Fiyano da kwamfuta

Fim ɗin Turmin Danya na 1990 shi ake ɗauka mafarin finafinan bidiyo na Hausa a Kano. Kafin ƙarshen shekarun 1990 waƙa ta zama jigon waɗannan finafinai, ƙananan sutudiyo suka buɗe a Kano, fiyano ƙirar Yamaha ta zama ita ce ganga, ita ce sarewa, ita ce goge. Daga baya kwamfuta ta karɓi aikin. Yanzu ana fara shirya kiɗa ne, mawaƙi ya shiga ɗaki shi kaɗai ya ɗora murya, mai amshi ta zo wani lokaci ta ɗora tata, kowane sauti a layinsa. Mai sutudiyo ya haɗa su, ya ɗaga wannan ya sauke wancan. Daga nan sai tacewa ta ƙarshe, inda ake daidaita nauyi da kaifi da ƙarar waƙar gaba ɗaya, domin ta fito daidai ko a lasifikar gidan biki ko a ƙaramar wayar hannu. Abin da ya fito daga wannan mataki shi ne uwa ta wannan zamani.

Ribar a fili take. Aikin da a da sai an je Legas ko Kaduna, yau saurayi a Birnin Kebbi yana iya yin sa da kwamfuta da makirfo a ɗaki ɗaya, in ya sami wuta. Tun da wayar salula ta shigo a 2001, waƙa ta koma yawo a memori, daga baya ta hau YouTube da Audiomack. A karo na farko tun zamanin garmaho, mai waƙa yana iya kwana da uwar waƙarsa a gida.

Hasarar ma a fili take. Ƙungiyar mutum takwas ko goma ta koma mutum biyu. Yaron da a da zai shekara goma yana amshi a bayan ubansa kafin ya yi jagora, yau ba shi da inda zai koya, mai ɗinka kotso kuma ba shi da mai saye. A wurin biki sau da yawa mawaƙi yakan sa waƙar da aka riga aka ɗauka ne yana bin ta da baki. A da ana ɗaukar abin da aka yi a fili, yanzu fili ne ke kwaikwayon abin da aka ɗauka. Daɗin daɗawa, uwar da ke cikin kwamfuta ta fi ta ƙarfe saurin mutuwa: wuta ta yi tsalle sau ɗaya, aikin shekara biyar ya tafi. Sau da yawa kuma babu takarda tsakanin mawaƙi da mai sutudiyo wadda ta faɗi wane ne mai kiɗan, wane ne mai uwar.

Kammalawa

Jama'a, dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta ba mai waƙa kariya tsawon rayuwarsa da shekaru 70 bayan mutuwarsa, ta ba ɗaukar sauti shekaru 50. Watau waƙoƙin Ɗanƙwairo suna ƙarƙashin kariya har 2061. Amma doka ba ta hana tef ruɓewa. Zafin bazara da ƙurar hunturu da laimar damina duk abokan gabarsa ne, na'urorin da ke karanta shi suna ƙarewa, masu gyaransu suna tsufa. Gidajen rediyo da yawa a duniya, har da BBC, sun sha shafe tsohon tef don su ɗauki sabon shiri a kansa saboda tsadarsa.

Saboda haka ina da roƙo ga ɓangarori biyu na wannan zauren. Ga ma'aikata, musamman na ma'aikatun watsa labarai da al'adu: a nemi haɗin kai da Kaduna da Sakkwato a lissafa abin da ke ɗakunan ajiyarsu na makaɗan Kabi da Gwandu da Yawuri da Zuru, a kwafe shi zuwa na'urar zamani ba tare da an taɓa sautinsa ba, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Gidan Tarihi na Kanta a Argungu, wanda aka buɗe a 1958, yana adana makamai da kayan sarauta. Ya dace a ce yana da ɗakin da mutum zai zauna ya ji muryar waɗanda suka yi wa masu kayan waƙa. Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da Kwalejin Ilimi ta Adamu Augie suna da malaman da za su iya tsara wannan aiki. A kuma sa iyalan makaɗa a ciki tun daga fari, domin haƙƙinsu ne.

Ga ɗalibai kuwa, a gidajenku akwai kaset a cikin akwatuna da tsofaffin kwalaye. Ku tambayi dattawa wane ne ke rerawa, a wane gari, a bikin wa, su wane ne 'yan amshi, ku rubuta a takarda ku haɗa da kaset ɗin, domin ɗauka marar suna da kwanan wata rabin shaida ce. Waɗanda ke waƙa a cikinku, ku karɓi uwar aikinku daga sutudiyo, ku ajiye ta wuri biyu, ku yi yarjejeniya a rubuce ko da mai sutudiyon abokinku ne. In kun sami hali, ku gayyaci mai kotso ko mai kalangu ya shiga ɗakin ɗauka tare da ku, ku biya shi, ku sa sunansa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, to, sai dai in an sami wanda ya adana ta.